Tarihin Rayuwata, kashi na 7: Giram ɗari uku a Abuja

Makon jiya mun tsaya ne a saukarmu Abuja, watan Oktoba na 2003, don wasannin Afirka. Shekara guda kafin nan 'yan Kamaru sun kwaso zinare tara a wasannin ƙasashen Commonwealth a Manchesta, duka a ɗaga ƙarfe, Vencelas Dabaya shi kaɗai ya ɗauko uku. Ni a Garwa na ji labarin ta rediyo, lokacin ina atisaye da ƙarfen da wani mai walda ya haɗa mini da tsofaffin kayan mota. Saboda haka duk wanda ya ga rigar Kamaru a jikina, kallon zakara yake mini.

Abokan tafiyata 'yan kudu ne, bakinsu Faransanci. Ni na zama tafinta, ni ke ciniki da mai tasi, ni ke yi da mai tsire. Shi kuwa mai tsiren da ya ji Hausata, sai ya ce, "Ɗan'uwa, kai ba baƙo ba ne," ya yi ta zuba mini gyara dare uku a jere. Ban ƙi ba, kuma har yau ban ga laifinsa ba.

Ana awon jiki awa biyu kafin a fara gasa. Ajina kilo 77. Na hau sikeli ya nuna 77.3. Koci ya dube ni bai ce uffan ba, wallahi gara a ce ya zage ni. Na naɗe jikina da leda, na ɗora riguna biyu, na yi ta gudu a rana ina tofar da yawu kamar mai azumin farko. Saura minti kaɗan a rufe awo na sake hawa: 76.9.

Amma ƙarfi ya bi gumi ya tafi. A fizge, wanda mu muke kira arashe, wato ɗaga sandar ƙarfen daga ƙasa zuwa saman kai a tashi ɗaya, sau uku ake ba mutum dama, in ya faɗi duka ba shi da jimlar nauyin da ake tantance zakara da ita. Na farko sandar ta suɓuce ta baya. Na biyu na miƙe da ita, gwiwar hannuna ta ɗan lanƙwashe, alƙalai biyu cikin uku suka kunna jar fitila, alamar ban ci ba.

Ina shafa farar hoda a tafin hannu don na ƙarshe, sai wata murya daga cikin 'yan kallo ta ce, "Ɗan Garwa, kada ka ba mu kunya!" Na waiwaya, ashe mai tsiren ne.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.