Fita Faifa da barkononsa

Talata, bayan isha'i.

Tun la'asar Auta ke zaune bakin rijiya tana "Fita Faifa, Fita Faifa", Yaya na tsaye a kanta yana cewa ta ƙara sauri. Ranar Alhamis za su yi gasar karya harshe da Turanci. Na ce, "Yaya, ka bar ta ta iya a hankali tukuna." Ya ce gasa ce, ba karatun allo ba. Maganar nan ta tsaya mini a rai har yanzu.

Layin da aka ba ta shi ne "Peter Piper picked a peck of pickled peppers". Kalmomi 6 ne masu farawa da p, kuma a nan Bahaushe ke tuntuɓe. F ɗinmu da leɓɓa biyu ake yin ta, shi ya sa take yawo tsakanin f da p da h, ma'ana ba ta sauya ba. Bature kuwa ya raba su. Wajen p, a rufe leɓɓa ruf, iska ta taru, a sake ta ta fashe. Wajen f, haƙoran sama su hau leɓen ƙasa, iska ta zirara. Gwajin ba wuya: a riƙe siririyar takarda nisan yatsu biyu daga baki. A ce pan, ta zabura sau ɗaya. A ce fan, karkarwa kawai za ta yi. A maimaita pan da fan sau 10, sai pill da fill, sai kalmomin layin bibbiyu, kana a haɗe. In aka fara da gudu, baki yana komawa abin da ya saba, kuskuren kuma shi ake haddacewa.

Layin kansa barkwanci ne. Peck awo ne na Ingila, kusan lita 9, kuma wa ya taɓa tsinko barkono a gona an riga an tsuma shi a ruwan tsami? Tun 1813 aka buga shi a Landan.

"She sells seashells" tarkonsa daban. Muna da s, muna da sh, jerin ne mugu: sh, s, s, sh. Harshe ya zaci za a yi ta karɓa-karɓa, sai a juya masa tsakiyar. Kamar dai namu "kura ture turmi, turmi ture kura".

Tuwon dare ya yi ruwa. Goggo ba ta kira ba.

Abin da ke damuna, in Auta ta ce Fita ranar Alhamis za a fashe da dariya, ba kuma dariyar barkonon ba. Na san yarinyar nan, daga ranar ba za ta sake ɗaga hannu a aji ba. Ta yi barci da takardar a hannu, duk ta jiƙe da yawu. Gobe kafin Yaya ya tashi zan yanka mata wata.