Sunana a jikin akwatin wasiƙa

Ɗakin da na samu a birnin Kolon na ƙasar Jamus bai fi murabba'in mita 12 ba, a hawa na uku, ba lif. Mu huɗu ne a gidan, kowa da ɗakinsa, amma kicin ɗaya, banɗaki ɗaya. Jamusawa na ce wa irin wannan zama WG. Kafin a ba ni ɗakin sai da mutanen gidan suka zaunar da ni a kicin suka yi ta jero mini tambayoyi: ƙarfe nawa nake kwanciya, ina shan taba, ina yawan baƙi? Ni da na zo neman haya sai ga ni ina amsa tambaya kamar mai neman aiki.

Kuɗin ajiya, waɗanda mai gida ke riƙewa har ranar da ka tashi, na zube su gaba ɗaya, har asusuna ya yi kuka. Daga baya na ji cewa doka ba ta yarda su wuce hayar wata uku ba, kuma mai haya na da damar biya kashi uku. Da na sani ƙeya ce.

Duk wanda ya tare a sabon gida a Jamus, dole ya je ofishin birni cikin mako biyu a yi masa rajista, ɗauke da takardar shaida daga mai gida. Na yi. Aka ce lambar haraji za ta zo ta gidan waya, haka katin banki. Na zuba ido, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Kullum na dawo sai na duba teburin kicin, ba komai. Ranar nan ɗan Poland ɗin da ɗakinsa ke kallon nawa ya ji ina mita, ya ce, "Abokina, ka sa sunanka a ƙasa kuwa?" Ashe a nan yawanci gidajen cikin bene ba su da lamba, suna ma'aikacin gidan waya ke bi. In bai ga naka a jikin akwati ba, takardar ta koma inda ta fito. Ya yago ɗan salatif, na rubuta sunana da biro, muka sauka tare muka liƙa shi ƙarƙashin nasu. Na daɗe tsaye ina kallonsa, a karkace ma na liƙa.

Takardar farko da ta iso ni ta kuɗin rediyo da talabijin ce. Yuro 18.36 a wata, a kan gida ake biya ba a kan mutum ba, ko kana kallo ko ba ka kallo. Da yake wani na biya wa gidan, nawa kason 4.59 ne, in ba shi.

Shara kuwa karatu ce mai zaman kanta: takarda a shuɗin bokiti, roba da gwangwani a mai ruwan ɗorawa, ɓawo da makamantansa a mai ruwan ƙasa. Gorar ruwa ba a yar da ita, in ka mayar da ita kanti yawanci santi 25 ake ba ka. Wannan cikin wata guda na haddace.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne ƴan takardun da ake liƙawa a jikin firij. Ta farko da ta shafe ni, Bajamushiyar da ta fi kowa daɗewa a gidan ce ta rubuta: a riƙa buɗe tagar banɗaki bayan wanka. Ba suna, amma ni ne na yi wanka na ƙarshe. Raina ya sosu. Muna gida ɗaya, me ya hana ta faɗa mini baki da baki? Kwana biyu ina gaishe ta sama-sama. Ita ko a jikinta, har ta tambaye ni ko ba ni da lafiya ne. Da na faɗa mata, ta ja ni ta nuna mini baƙin tabo a kusurwar rufi, inda danshi ya taɓa cin bango har mai gida ya zaftare wa wani kuɗin ajiya. Ta ce ta rubuta ne don kada ta kunyata ni a gaban mutane. Har yau ban gama yarda da wannan hujja ba, amma taga ina buɗewa, ko da sanyi na yanka fuska.

A watan Fabrairu wani ya bar kaskon suya a jiƙe kwana uku. Na nemo takarda da biro, na rubuta layi biyu, na duba ƙamus sau ɗaya, na sa sunana a ƙasa. Da safe kaskon na rataye a wanke, wani kuma ya gyara mini harafi ɗaya da jan biro.