Farantin sulke: iyakar abin da yake tarewa, da abin da ke lalata shi

Sana'armu a nan Sakkwato ita ce samar wa kamfanonin tsaro da masu rakiyar kuɗi rigunan sulke, da duba waɗanda suka jima a jiki. Kaya ne da ba ya shigowa Najeriya sai da takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Wanda ya kawo maka shi a leda babu takarda, bar masa kayansa.

Rigar sulke mai laushi da ake rubuta wa matakin kariya na IIIA, harsashin ƙaramar bindiga take tarewa. Na AK-47 sai faranti mai tauri, wanda ake zurawa a aljihun gaba da na baya. Yawancinsa inci 10 ne faɗi, 12 tsawo, an yi shi don zuciya da huhu. Dole bakinsa na sama ya zauna daidai ramin maƙogwaro. Amma zafin garin nan kan sa mai gadi ya sassauta maɗauri har faranti ya sauko kan tumbi, ƙirji a buɗe. Wannan kuskuren ya fi kowanne ci mana rai.

A juya bayan faranti a karanta. A ma'aunin hukumar NIJ ta Amurka na 2008, mataki na III ana gwada shi da harbi shida na harsashin babbar bindiga 7.62x51, mataki na IV kuwa da harbi ɗaya tak na harsashi mai huda sulke. Sai a sabon ma'aunin 2023, mai matakan RF1 zuwa RF3, aka sa harsashin AK mai cikin ƙarfe a gwajin. Saboda haka a nemi takardar gwaji da ta ambaci 7.62x39, wato harsashin AK, da sunansa. In an ga ICW, farantin ba ya aiki shi kaɗai, sai da riga mai laushi a bayansa.

Ko ya tare, jiki na shan duka. Ma'aunin ya yarda bayan faranti ya lotsa lakar da ake sa wa a madadin jikin mutum wajen gwaji har milimita 44. Haƙarƙari na iya karyewa, jini ya zuba ta ciki, don haka wanda aka harba a sulke asibiti za a nufa da shi ko yana tafiya da ƙafarsa.

Faranti iri uku ne. Na ƙarfe ba ya tsoron faɗuwa, sai dai nauyi, kusan kilo huɗu, kuma ɓarɓashin harsashi kan fantsamo haɓa da hannuwa in rufinsa ya ɓare. Na roba mai tauri bai kai kilo biyu ba, amma maƙiyinsa zafi: a bar shi a but ɗin mota da tsakar rana a watan Afrilu, yau da gobe sai shimfiɗunsa su fara rabuwa. Na tangaran shi ne mai wuyar sha'ani. Aikinsa shi ne ya fashe don ya farfasa harsashi, to kuwa jifa ɗaya daga bayan Hilux zuwa kan siminti ta isa ta tsaga shi ta ciki, yadinsa na waje lafiya lau. Haka zama a kansa, ko ɗaure shi a bayan babur a hanya mai gargada.

Ga yadda muke dubawa. A zaro faranti daga riga, a bi gefensa da yatsa ana neman kumburi ko yagewa. A kanga shi a kunne, a ɗan murɗa da hannu biyu. In aka ji ƙuras-ƙuras kamar tsakuwa a shinkafa, ya gama. A ƙwanƙwasa bayansa da tsabar ƙarfe, taki-taki: mai lafiya amonsa ɗaya ne ko'ina, inda gam ya saki sai a ji ya dushe. Wanda muke kokwanto sai hoton eksire.

Garantin yawancin masu ƙerawa shekara biyar ne daga ranar da ke jikin takardar baya. Wanda ya wuce haka, ko ya taɓa cin harsashi ko da guda, jan fenti muke shafa masa gaba da baya, don kada wani ya mayar da shi cikin riga da dare.