Godiya Bayan Jinyar Baba

Alhamdulillahi. An yi wa Baba gwajin kaki na ƙarshe, likita ya tabbatar ya warke daga tarin TB, an sallame shi daga shan magani. A madadin Inna da mu 'ya'yansa, muna godiya ga duk wanda ya tsaya mana.

Da yawanku labarin da ya iso muku shi ne Baba na aman jini. A asibiti abin da likita ya fara tambaya ke nan: jinin jawur ne mai kumfa, gauraye da majina, ko baƙi-baƙi ne haɗe da abinci? Na farkon daga huhu yake, na biyun daga ciki. Na Baba jawur ne, a hankicinsa Inna ta fara gani. Ga zufar dare har sai an sauya zanin gado, ga rama har wando ba ya zama a ƙugunsa.

Likitan nan Allah Ya saka masa. Bai yi gaggawar yanke hukunci ba. Ya zaunar da mu ya ce nimoniya na kawo tarin jini, haka kumburin hanyoyin numfashi, da gudan jini idan ya toshe jijiyar huhu, da wani nau'in ciwon zuciya, da kansar huhu, musamman ga dattijon da ya sha taba. Wannan ta ƙarshen ita ta hana mu barci, don Baba ya sha a da. Hoton ƙirji da gwajin kaki a na'urar GeneXpert suka raba gardama.

Goggo, mun gode. Da wasu suka ce jifa ne, ke kika ce a yi addu'a amma a tafi asibiti a ranar. Kawu, kai ka riƙe shagon Baba. Ma'aikaciyar ɗakin DOTS, inda ake ba da maganin TB, ta ba mu maganin wata 6 kyauta, ta kuma gargaɗe mu tun farko cewa rifampicin, ɗaya daga cikin magungunan, zai mayar da fitsari ja, da ba don ita ba da Baba ya ajiye ƙwayoyin don tsoro. Ita ta dage aka duba mu duka har jikoki.

Maƙwabta da jama'ar masallaci, ba ku guje shi ba, kuma shi kansa ya ce zuwanku ya ƙarfafa masa gwiwa. Wanda tarinsa ya kai mako 2, ko ya ga jini ko ɗigo ne, ya je a gwada shi, ko ya kira layin wayar TB na 3340, kyauta ne. Allah Ya bar zumunci, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.