Ranar da wayata ta tashi da zazzaɓi

Laraba da dare.

Yau wayata ta fi 'yan dako da direbobi ba ni wahala. Daren jiya ta sabunta manhajarta, babbar sabuntawar nan da waya take kashe kanta ta kunna, ta bar maka wani zane yana ta juyawa a fuska. Da yake an kawo wuta cikin dare, kafin asuba ta cika. Cike na sa ta a aljihu na fita. Ko Dawanau ba mu kai ba, muna cikin adaidaita na ji cinyata ta ɗau ɗumi. Na zaro ta, sai ga kashi 81 cikin 100. Daga Kurna ne fa, kuma ban kira kowa ba, ban kalli komai ba.

Ga wanda abincinsa bai rataya a waya ba, wannan ba labari ba ne. Ni kuwa duk abin da nake yi wa Alhaji a cikinta yake. Lissafin buhunan da suka shigo sito da waɗanda suka fita, hoton wake da nake tura wa masu saye a Legas da Ibadan don su ga ƙwayarsa, lambar mota, lambar direba, uwa uba manhajar banki. Layi biyu ne a ciki, ɗaya na kira, ɗaya na data. Ranar da ta mutu da tsakar rana, ɗan kallo nake zama a kasuwar.

Siton namu kuma dama ba ya shiri da waya. Rufin kwano ne, bango mai kauri, ga buhuna an jibge har kusa da rufi. Da ka shiga can ƙurya sabis sai ya dawo sanda ɗaya. Waya kuwa in ta ji ƙarfen sabis ya yi mata nisa, ƙara ƙarfin aikawa take yi, kamar mai ƙwala wa ɗan dako kira daga wancan bakin layi, kuma batir ne yake biyan kuɗin wannan ihun. Layi biyu, ihu biyu. Wannan na saba da shi, kullum ina yin asarar da na san iyakarta. Na yau ne ya wuce misali. Ƙarfe 11 na safe, muna tsakiyar lodin motar Ibadan, na ga 44.

Sai na kunna tanadin batir. Nan take fuskar ta dushe, fari ya koma baƙi, saukar ta ragu sosai. Na ce alhamdulillahi, na ci gaba da ƙirga.

Mun gama lodi kafin azahar. Mai kayan ya kira daga Ibadan ya ce ya tura cikon kuɗi. Dokar Alhaji a nan ɗaya ce, kowa a layinmu ya san ta: ba alat, mota ba ta tashi. Saƙon tes na banki 'yar ƙaramar wayar Alhaji mai tocila yake zuwa, shi kuma ya shiga cikin gari ta'aziyya, na kira bai ɗauka ba. Ni manhajar bankin ce take yi min ƙara duk lokacin da kuɗi suka shigo, shekara da shekaru haka muke, har na daina buɗe ta sai na ji wannan ƙarar. Shiru. Direba ya ɗaure tamfol, ya zagaya motarsa ya bubbuga tayoyi, ya dawo ya tsaya a kaina.

"Malam, so kake in kwana a hanyar Kaduna ke nan? Mutumin nan ya ce ya tura."

"Yi haƙuri, direba. Da na ga kuɗi ko minti ɗaya ba za ka ƙara ba."

Mai kayan ya sake kira, murya ta fara hawa, ya turo hoton rasit. Hoton rasit kuwa a wannan zamanin ko yaro ba ya sakin kaya a kansa. Da abin ya ishe ni na fita bakin titi inda sabis yake da ƙarfi, na buɗe manhajar da hannuna. Kuɗi na nan zaune, sun shigo tun muna alwala. Ina buɗewa kuma sai ga sanarwar ta faɗo, tare da wasu saƙonni da suka taru a bayanta. Direba bai ce min komai ba, ya karɓi takardarsa ya hau mota. Na fi son ya zage ni a kan wannan shirun.

Abin da ya faru a fili yake. Tanadin batir ba wani sihiri yake yi ba, hana manhajoji aiki yake yi a bayan fage. Wadda ba ka buɗe ba sai ya kwantar da ita, ya hana ta leƙa intanet yadda ta saba. Shi bai san wacce ce ta wasa ba, wacce ce take riƙe da kuɗin motar wake. Cajin da ya rage min, da lokacin direba aka biya shi.

Bayan sallah na kai ta wurin mai caji. Rumfar kwano, janareto na kuka a gefe, wayoyi sun fi a ƙirga an jera su a kan katako, kowacce da 'yar lambarta. Na dawo bayan na ci abinci na tarar ta ɗan motsa kaɗan, kuma ba ta taɓuwa don zafi. Yaron ya ce ba daga cajarsa ba ne, in waya ta yi zafi da kanta take rage shan wuta. Gaskiya ya faɗa. Apple ma da kansu sun rubuta cewa an yi wayoyinsu su yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35, sauran wayoyi kuma ba su yi nisa da haka ba. Mu kuwa Afrilu a Kano ma'auni yana haura 40 a inuwa, balle a ƙarƙashin kwano kusa da janareto. Da fawa bankin maƙwabcinmu na ƙarasa yinin.

La'asar sakaliya na rufe littafi na nufi Farm Centre wurin Auta, da kuɗin sabon batir a aljihuna. Na riga na yanke hukunci batir ya mutu. Auta ƙanina ne, shi ne na ƙarshe a ɗakinmu, yana da ɗan teburin gyara a cikin kasuwar, kuma ba abin da yake karantawa a duniya sai labarin waya. Na ajiye masa ita na ce ya buɗe.

Ya juya ta, ya duba bayanta ko ta kumbura, ya ce, "Yaya, afdet ta yi jiya?"

Na ce e.

Ya tura min ita da ɗan yatsa. "To ba zan buɗe ba. Ka dawo bayan sati in har yanzu tana yi."

Na ɗan ji haushi, na taso tun daga Dawanau cikin cunkoson nan. Amma ya zaunar da ni a benci ya aika a kawo min ruwa, ya yi min bayanin da ya shiga kaina. Ya ce in waya ta yi babbar sabuntawa, abin da muke gani a fuska na 'yan mintoci somin taɓi ne. Ainihin aikin daga baya yake. Sai ta bi manhajojin da suke ciki ɗaya bayan ɗaya ta sake gyara su don su dace da sabon tsarin, ta sake bin hotuna da fayiloli tana jera su, su ma manhajojin kowacce ta shiga sauke nata sabon. Mafi nauyin aikin an tsara shi ne ta yi shi lokacin da take ajiye a jikin caja ba mai taɓa ta. Tawa kuwa wuta ta zo a makare, ina idar da asuba na zare ta, ta fita da ragowar aiki a ka, cikin rana, da layi biyu, a sito mai sanda ɗaya. Ga hotunan buhuna da rasit da suka cika ta, waɗanda rabona da share su har na manta.

Ya ƙara da cewa tun Android 9, wanda ya fito a 2018, akwai wani tsari a ciki da yake koyon ɗabi'ar mai waya: wace manhaja kake buɗewa kullum, wacce sai jifa-jifa. Da wannan yake sanin wadda zai bari a farke da wadda zai kwantar. Bayan babbar sabuntawa yakan ɗauki 'yan kwanaki kafin ya daidaita. Ya ce irina yake gani duk lokacin da aka saki sabuwar manhaja, mutum ya zo da zafinsa a canja masa batir, wani mai gyaran ya karɓi kuɗi ya cire masa na asali mai lafiya ya sa masa na bogi. Bayan kwana uku waya ta huce da kanta, a ce ai gyara ne ya yi kyau. Wata shida kuma batir ya kumbura ya ɗaga murfi.

Wani dattijo da yake jiran a canja masa gilas ya tsoma baki. Ya ce shi ba wanda zai faɗa masa, kamfanoni da gangan suke aiko wannan abin don su kashe tsohuwar waya ka sayi sabuwa. Na ɗauka Auta zai yi masa dariya, sai ya ce, "Baba, maganarka tana da tushe." Ya ba shi labarin Apple: a Disambar 2017 kamfanin ya amsa cewa wata sabuntawa da ya fitar tana rage saurin tsofaffin iPhone waɗanda batirinsu ya tsufa, wai don kada su riƙa mutuwa ba zato. Aka yi musu ca, suka ba da haƙuri, suka sauke kuɗin canjin batir daga dala 79 zuwa 29 a 2018. A Fabrairun 2020 kuma hukuma a Faransa ta ci su tarar yuro miliyan 25 saboda ba su sanar da masu wayoyin ba. Dattijo ya buga cinya ya ce ka ji ko.

Ni dai a ganina zargin ba hauka ba ne, wanda ya taɓa ɓoye maka abu ba ka da laifi in ka riƙa kallonsa da wutsiyar ido. Amma ko a wancan labarin, batirin ne ya fara tsufa kafin manhaja ta taɓa shi. Batirin litiyam ƙidayayyun caji gare shi. Apple sun ce na iPhone 14 zuwa ƙasa an yi shi ne ya riƙe kashi 80 na ƙarfinsa bayan cikakken caji 500. Mai cinye cikakken caji ɗaya kullum, shekara ɗaya da 'yan watanni ya kai wurin. Irinmu masu caji safe da rana, cikin wannan zafin, ai ba ma kaiwa nan. Sabuntawa takan zo ne ta ɗora wa gajiyayyen batir aikin kwana biyu, sai tsufan da yake ɓoye ya fito fili, mu kuma mu kama ta da laifi duka. Ban faɗa wa dattijon haka ba, ya girme ni, kuma yana cikin jin daɗin nasararsa.

Auta bai bar ni na tafi haka ba. Ya shiga saitin ya buɗe shafin da yake nuna abin da ya sha batir. Fuskar waya ce a kan gaba, sai tsarin wayar kansa, sai wata manhajar bidiyo da yara suka saka min da sallah, wadda ban taɓa buɗewa ba amma tana can tana aiki. Ya goge ta. Ya tarar saurin motsin fuska yana kan sau 120 a daƙiƙa, ya mayar 60, ya ce lissafin buhu ba ya bukatar santsi. Ya cire wayar daga neman 5G ya tsayar da ita a 4G, tunda a wurin aikina neman nan kawai take yi. Sannan ya yi abin da ya fi min komai amfani yau: ya shiga manhajar banki da WhatsApp ya cire musu takunkumin batir, don ko na kunna tanadi kada a kwantar da su. Ya ce duk da haka in ana jiran kuɗi in buɗe in gani da idona.

Na tambaye shi baƙar fuskar nan, don uwargida kullum tana cewa tana rage shan caji. Ya ce a tawa tana yi, saboda AMOLED ce, inda duk aka yi baƙi ɗigon hasken wurin a kashe yake. Tata kuwa LCD ce, fitila ɗaya ce a baya tana ci ko fari ko baƙi, sai dai ta rage hasken gaba ɗaya. Manhajojin nan masu cewa suna share waya su sanyaya batir kuma, ya ce talla suke nuna maka kawai, su ma ci suke. Da na miƙa masa wani abu ya ƙi karɓa, ya ce in sayi doguwar caja mai kyau in bar ta ta kwana a jiki yau da gobe in an kawo wuta, kuma in daina ajiye ta a kan katifa in tana caji.

Ina cin tuwo Alhaji ya kira. Direba ya riga ni kai ƙara. Na yi masa gaisuwar ta'aziyya, na ba shi labari tun daga farko. Ya saurara, ya ce to daga yau a rufe wannan sabuntawar gaba ɗaya, kada waya ta ƙara yin ta. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba za a rufe ba. A cikinta ake toshe ƙofofin da 'yan damfara suke shiga, Google duk wata suke fitar da irin wannan gyaran, kuma wayar nan asusunka ne a ciki." Na ce abin da za a yi shi ne a zaɓa mata lokaci. In ta nuna, a bar ta sai Alhamis da dare, tunda Juma'a ba ma lodi da safe, ta kwana a caji ta gama hidimarta a gida.

Ya yi shiru, har na ɗauka layin ya yanke. Can ya ce shi dai tasa mai tocila tun ranar Lahadi rabonta da caja, kuma ba ta taɓa tsayar masa da mota ba. Kafin in ce ai ba ta taɓa tura hoton wake Ibadan ba, ya ce gobe in riga shi zuwa, motar masara za ta shigo daga Saminaka da sassafe, ya kashe.