Ranar da Baffa ya kunyata ni a Dutsen Olumo

Asabar da dare, Agege.

Ƙafafuna na cikin bokitin ruwan ɗumi da gishiri nake wannan rubutu. Sau uku Maman Ummi tana wucewa ta gabana, kowane wucewa sai ta danne dariya ta ce, "Sannu da hawa, maigida."

Ummi ce ta jawo min. Tun ranar da ta ga hotunan gidan nan na Kajuru a wayar uwarta, wanda wani Bajamushe ya gina da duwatsu a kan tsauni a shekarun 1980, mai hasumiya da ganuwa irin fadar sarakunan Turai na da, ta hana ni sakat. Na ce mata Kajuru sai an wuce Kaduna, ba tafiyar yini ɗaya ba ce. Ta ce to a kai ta na Legas. Ina Legas ta ga tsauni? Gari ne shimfiɗe kamar faifai, abin da ya fi komai tudu a cikinsa daga gadar sama sai tsibin jujin Ojota. Wani maƙwabcin rumfata a kasuwar Mile 12, Bayarabe, shi ya ce in kai ta Abeokuta ta hau Olumo.

Baffa ya ji zancen ya ce da shi za a je. Makonsa biyu ke nan a wajenmu, ya zo duba ido daga Kano, zaman ɗaki da ƙarar janareta sun ishe shi. Na ce, "Baffa, hawa ne fa sosai." Shekararsa 67. Ya dube ni, ya dubi tumbina, ya ci gaba da jan carbinsa.

Jirgin ƙasa muka shiga da safe a nan tashar Agege, sabon layin nan na Legas zuwa Ibadan da aka buɗe a 2021. Baffa bai yarda da shi ba. Wai jirgin da babu mai tallar ƙwai da rake a ciki, babu ƙaurin gawayi, wannan ai ɗakin jiran likita ne aka sa wa ƙafa. Duk hanya labarin zuwansa Ikko na farko yake ba Ummi, kwana biyu a kan bencin katako. Daga tashar Abeokuta muka ɗauki tasi zuwa unguwar Ikija.

Daga ƙasa dutsen bai tsorata ni ba. Mita 137 aka ce tsayinsa, na ce a raina ai wannan ƙanen Dala ne, ni da na tashi a Gwammaja muna tseren hawa Dala ranar Juma'a bayan an tashi daga makarantar allo. Akwai ma lif a gefe, cikin wasu dogayen gine-gine da aka yi a 2006 saboda masu rauni. Na ɗan karkata wajen, Baffa ya ce, "Wanda ya zo hawan dutse ne zai shiga akwati a ja shi?" Sai matakala.

Hangen Dala ba shiga birni ba. Kafin mu kai hutun farko numfashina ya fara fita da ƙara, kamar tsohon danfo a gadar Oshodi. Na tsaya wai ina ɗaure igiyar takalmi, alhali silifa ne a ƙafata. Ummi ta tsere gaba. Baffa kuwa ya naɗe babbar rigarsa a kafaɗa, hannu ɗaya a baya, yana takawa ɗaya bayan ɗaya kamar mai zagayen gona, ko haki babu. Shekara 14 ina Legas. Daga gida sai mota, daga mota sai kujera a rumfa ina ƙirga kwandunan tumatir da yara ke saukewa. Yau na gane ba gashin kaina kaɗai garin nan ya cinye ba.

Inda na manta da gajiyar shi ne wajen kogunan. Ɗan jagoranmu, wani saurayi mai Hausar Sabo a bakinsa, ya sa muka sunkuya muka shiga ƙarƙashin wani makeken dutse da ya kifu kamar murfin tukunya. Ciki an yi ɗakuna da jar ƙasa, gajeru, ba ka iya miƙewa tsaye. A nan mutanen Egba, wani reshe na Yarabawa, suka ɓuya lokacin yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan rushewar daular Oyo, wajen 1830, ƙarƙashin shugabansu Sodeke. Sunan garin ma daga nan ya fito, Abeokuta, wato ƙarƙashin dutse. Daga baya sarakunan Dahome sun kawo musu hari sau biyu, 1851 da 1864, har da rundunarsu ta mata, duka aka kora su.

Ya nuna mana wasu ramuka a jikin dutsen, sumul, masu zurfin ƙwarya. Nan matan suke niƙa barkono da kayan miya. Na sa hannu a ɗaya. Hannu nawa ne ya goga wannan wuri har dutse ya lotsa haka? Ni da kuɗina na sayi tikiti, da robar ruwan sanyi a hannu, ina kukan gwiwa. Su kuwa da goyo a baya da tulu a ka suke hawa, kunne yana sauraron ko mahara sun iso. Baffa ya daɗe a tsugune yana kallon ramukan. Ya ce haka kakarsa take ba su labarin mutanen da ke gudu kan duwatsu in an ji ƙurar dawaki, a bar hatsi a rumbu. Da muka wuce ta gaban ɗakin bautar da ke jikin dutsen, inda wasu tsofaffin mata ke zaune, ya gaishe su da hannu, sannan ya raɗa min, "Mu ma ai muna da Tsumburbura a kan Dala kafin Allah ya kawo haske."

Ƙarshen hawan ne abin. Matakalar siminti ta ƙare, sai wani tsagi tsakanin duwatsu biyu, matsattse, dole ka bi a karkace kana dafa bango da hannu. Nan na tsaya cak. Wata mata a bayana tana cewa "Oya, Alhaji, oya!" Daga sama na ji muryar Ummi: "Abba, Baffa ya ce ko a aiko maka da igiya?" Mutane suka fashe da dariya, har da waɗanda ba sa jin Hausa. Da rarrafe na ƙarasa, ba zan ɓoye ba.

A sama iska ta buge ni. Garin duka ya bazu a ƙasa, rufin kwano masu tsatsa jajawur har iya ganinka, Kogin Ogun yana ratsawa ta gefe, ga hasumiyoyin babban masallaci. Ummi ta zagaya ko'ina ta dawo da fuska a murtuke.

"Abba, ina fadar?"

Na rasa amsa, numfashi ma bai dawo ba. Baffa ne ya ce mata ai ta riga ta shiga fadar, ita ce wadda ta sunkuya a ciki ɗazu. Ba ta gamsu ba. Ta ce ita mai hasumiya take so, kuma bashin Kajuru yana nan.

Saukowa ta fi hawa cin gwiwa, wannan babu wanda ya gaya min. Muka yi azahar da la'asar a haɗe, ƙasaru, bayan ɗan gardama da Baffa kan ko nisan ya kai. Muka ci shinkafar Ofada a ganye, yajin ya sa Ummi hawaye. A kasuwar Itoku na saya wa Maman Ummi adire turmi ɗaya. Baffa ya murza shi, ya shinshina, ya ce ba laifi, amma baban marinar Ƙofar Mata ya fi kama zane. Mai kayan ba ta ji me ya ce ba, ta yi masa godiya.

A mota muka dawo, ta Ifo da Sango Ota, cunkoso ya riƙe mu a Abule Egba har bayan magariba. Gidanmu hawa na biyu ne. Na tsaya a ƙasan bene ina kallon matakalar kamar ban taɓa ganinta ba, Baffa ya ratsa ta gefena da ledar adiren a hannu.

Yanzu ya leƙo daga ɗaki yana tambaya ko gobe da sassafe za mu je ya ga teku.