Mako na huɗu da faiba: murfin babur ya fito

'Yan uwa masu koyo, assalamu alaikum. Yau Alhamdulillahi murfin gefen babur da nake yi da faiba (fibreglass) ya fito daga mazubi lafiya lau, a gwaji na uku.

Na farko garaje ne ya kashe shi. Bayan azahar na kwaɓa rezin, wato ruwan danƙon da ake jiƙa faiba da shi, rabin kilo a tashi ɗaya, a ƙarƙashin rumfar kwano, hadina kuma, wato maganin da ke sa rezin ya bushe, da ido na ɗiga ta. Ku da kuke Kano kun san watan Afrilu, zafi yakan kai digiri 40. Ban gama jiƙa shimfiɗar farko ba sai kwaɓin ya fara kauri kamar kunun da ya kwana, robar da na kwaɓa a ciki ta ɗau zafi har hannu ba ya iya riƙe ta. Wallahi asarar nan ta yi min ciwo, don sai da na yi tattaki har Sabon Gari kafin na samo kayan.

Yanzu da na dawo daga sallar asuba nake zama. Rezin giram 200 kawai nake aunawa a sikeli, in ja hadina mililita 2 da sirinji, wato kashi 1 cikin 100. Kada ku rage ta ƙasa da haka don neman lokaci, aikin zai iya ƙin bushewa, ya yi ta danƙo. Kwaɓin za ku rage, in ya ƙare ku sake wani. Tabarmar faiba mai giram 450 kuwa, kowace murabba'in mita tana shan rezin kusan kilo guda, da wannan nake lissafi tun kafin in buɗe galan.

Gwaji na biyu maƙalewa ya yi a mazubi, saboda sau ɗaya na shafa kaki. Sabon mazubi sau biyar nake shafa masa yanzu, ina gogewa a tsakani.

Abin da ya fi min daɗi a wannan karon shi ne hannuna ya gane buroshi. Ba shafawa ake yi kamar fenti ba, daddanawa ake yi da bakinsa har farin tabarmar ya ɓace, iskar da ke ƙasa ta fita. Duk da haka kumfa biyu sun ɓuya a kusurwa, gobe zan buɗe su da sanfefa in cike.

Don Allah ku sa safar hannu da takunkumi, ku yi aikin inda iska ke ratsawa. Ƙurar faiba ta hana ni barci kwana biyu saboda ƙaiƙayi. Mako mai zuwa murfin tayar Adaidaita Sahu zan gwada, shi yana da lanƙwasa sosai, ina ganin sai na raba mazubin gida biyu.